Daga Bola Zuwa Gona: Shara da Dokokinta a Samaru da Sabon Garin Zariya

Duk wanda ya san Samaru ya san abin da ruwan farko yake yi mata. Da zarar hadari ya haɗo a watan Mayu, iska ta taso, sai a ga ledoji suna shawagi a sama kamar shirwa, wasu su maƙale a wayoyin lantarki, wasu a rassan dalbejiya. Idan ruwan ya sauka, abin da aka yi wata shida ana turawa cikin lambatu sai ya taso gaba ɗaya: ledar ruwa, gorar roba, tsumma, ɓawon rake, gwangwani. Kwalbati ya toshe, ruwa ya hau titi, daga titi ya faɗa zauren mutane. Haka abin yake a Muciya da Cikaji da kewayen kasuwar Sabon Gari.

Ruwa ba ya tsayawa inda ya sauka. Rafukan Samaru suna gangarawa ne zuwa kogin Kubanni, wanda a kansa aka yi madatsar da Jami'ar Ahmadu Bello take samun ruwan sha. Daga nan Kubanni ya wuce ta tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, masu lambu suna ban ruwa da shi ga latas da kabeji da karas, har ya je ya haɗu da Galma. Watau ke nan, abin da aka zubar a bayan gida a Hayin Dogo yana iya dawowa a cikin kofi ko a cikin kwanon abinci. Wannan maƙala za ta duba abin da ke cikin sharar waɗannan garuruwa biyu, da dokokin da aka shimfiɗa a kanta, da dalilan kimiyya da ke bayan dokokin.

Nawa Ake Zubarwa?

Samaru da Sabon Gari duk suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ne. Sabon Gari ya tashi a gefen tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo ya iso Zariya a 1911. Ita kuwa Samaru, ƙauye ce ta manoma kafin a kafa tashar binciken aikin gona a 1922, sa'an nan jami'a ta biyo baya a 1962, jama'a suka yi ta kwararowa. Ƙidayar 2006 ta sami kusan mutum 290,000 a wannan ƙaramar hukuma, kuma ko shakka babu an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin.

A wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2018, an ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kowane mutum yana fitar da shara kilo 0.46 a rana, watau kusan rabin kilo. Ɗalibi yana iya ɗaukar wannan adadi ya yi lissafi da kansa. Gida mai mutum 10 zai fitar da kilo 4.6 a rana, a shekara kuwa kilo 1,679, watau fiye da tan ɗaya da rabi. Mutum 300,000 za su fitar da tan 138 kullum. Idan tifa ɗaya tana ɗaukar tan 10, ana bukatar sawu 14 kowace rana ta Allah, har ranar Salla. Rahoton ya kuma nuna cewa a wannan yanki na Afirka abin da ake kwashewa bai kai rabi ba. Sauran yana ƙarewa ne a bola, ko lambatu, ko kududdufi, ko wuta.

To, amma yawan sharar ba shi ne babban abin lura ba. Wanda ya zazzage kwandon sharar gidan Bahaushe zai tarar mafi nauyinta ƙasa ce da toka da ganye da ɓawo da ragowar abinci da kashin awaki da na kaji. Leda da roba suna cika ido saboda girmansu, amma a sikeli ba su da nauyi sosai. Ma'ana, kaso mafi girma na abin da ake kira shara abu ne da gona take nema ruwa a jallo.

Lokacin da Shara Take Taki

Kakanni sun san haka tun da daɗewa. A garuruwan Hausa na da, juji dukiya ce. Da rani manomi yakan kora jakunansa da mangala zuwa cikin gari, ya kawo itace ko kara, ya koma da shara da toka da kashin dabbobi, ya jibge tsibi-tsibi a gona kafin saukar damina. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1962, ya yi nazarin wannan al'ada a ƙauyukan da ke kewaye da Kano. A 1965 shi da abokin aikinsa J. Wilson suka wallafa rahoton da ya nuna yadda manoman wurin suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da hutu ba, kuma takin da jakuna suke fitowa da shi daga birni yana cikin abubuwan da suka riƙe ƙarfin ƙasar.

A nan Samaru ma akwai shaida. A 1950 aka fara wani gwaji mai dogon zango a gonar bincike, inda aka yanka fili kashi-kashi: wani ana zuba masa kashin shanu, wani takin zamani, wani duka biyun, wani kuwa ba a sa masa komai. Bayan shekaru masu yawa sai aka ga cewa filin da ake ba takin zamani mai naitirojin shi kaɗai ƙasarsa takan yi tsami, amfani ya riƙa raguwa, alhali wanda aka haɗa masa da takin gargajiya yakan riƙe albarkarsa. Dalili shi ne ƙasar wannan yanki tana da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye da makamantansa, waɗanda su ne suke riƙe laima, suke sa ƙasa ta yi laushi, suke ciyar da ƙananan halittun da ke cikinta.

A wancan zamani abin da ke fita daga gida kaɗan ne. Dusa da ƙanzo na dabbobi ne. Toka a tace ta a yi ruwan toka, ko a yi sabulu. Ƙwarya in ta fashe a ɗinke, in ta gagara ta zama sakaina. Abin da ya saura kuwa duk mai ruɓewa ne, daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma.

Zuwan Leda

An gano sinadarin da ake yin leda da shi, watau foliyetilin, a Ingila a 1933. Daga man fetur da iskar gas ake samunsa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 leda ta ture ganye da takarda da kwando a kasuwannin Nijeriya, a shekarun 1990 kuma ruwan leda ya shigo. Ba a musun amfaninta: ba ta da tsada, ba ta yoyo, tana kare abinci daga ƙura da ƙuda. Aibinta yana cikin wannan ƙarkon nata. Ɓawon ayaba yana ruɓewa ne saboda bakteriya da fumfuna suna da sinadaran narkar da shi su ci. Ƙwayoyin leda kuwa sarƙa ce doguwa mai ƙarfi wadda waɗannan halittu ba su iya tsinkawa da sauƙi. Rana takan sa ta bushe ta farfashe ta zama ɓarɓashi, amma ɓarɓashin yana nan cikin ƙasa da ruwa shekaru aru-aru.

Har yau manoma suna sayen tifar bola kafin damina, musamman idan takin zamani ya yi tsada. Sai dai abin da ake sauke musu ya bambanta da wanda jakuna suke kawo wa iyayensu. Akwai leda da ke hana saiwa da ruwa ratsa ƙasa, da fasassun kwalabe da allurai da ke yanke ƙafar mai noma, da matattun batura. Binciken da masana kimiyyar sinadarai suka yi a kan ƙasar bololin Zariya ya sha nuna dalma da wasu ƙarafa masu guba fiye da yadda ake samu a ƙasar da ba a zuba wa shara ba, kuma ganyaye irin su alayyafo suna iya zuƙar wasu daga cikinsu. Dabbobi ma ba su tsira ba. Akuya ko saniyar da take kiwo a bola takan haɗiye leda saboda gishiri da man da ke jikinta, ledar ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ana tsammanin wata cuta ce. Mahauta sun saba ciro irin wannan dunƙule.

Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin hani. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, ko da yake leda ba ta bar kasuwanninta ba. Jihar Legas ta hana robar kumfa ta zuba abinci a watan Janairun 2024. Darasin da ke nan shi ne doka takan yi tasiri ne gwargwadon yadda aka tsaya a kanta, da kuma yadda jama'a suka sami abin da zai maye gurbin wanda aka hana.

Abin da Ke Faruwa Cikin Bola

Bola wuri ne mai rai. A samanta, inda iska take shiga, bakteriya masu amfani da iskar shaƙa suna cin danshin shara su fitar da zafi da ruwa da iskar kabon. A can ƙasa kuwa, inda nauyi ya danne kuma leda ta rufe, iska ba ta kaiwa. Nan wasu irin bakteriya suke aiki, su ne masu fitar da ɗoyi da iskar mitan. Mitan tana kamawa da wuta, shi ya sa babbar bola takan yi kwanaki tana hayaƙi ko da ba a ga harshen wuta ba. Tana kuma cikin iskokin da ke ƙara ɗumamar duniya.

Samaru takan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Wannan ruwa idan ya ratsa bola yakan fito baƙi ƙirin, ɗauke da ƙwayoyin cuta da gishiri iri-iri da narkakkun ƙarafa. A ƙarƙashin Zariya akwai dutse mai tauri, kuma ruwan da rijiyoyin gida suke kamawa yana kwance ne a cikin ƙasar da ke saman dutsen, ba nisa. Saboda haka kududdufin da aka haƙa don ginin ƙasa, daga baya aka mai da shi bola, yana iya shayar da rijiyar maƙwabta da ruwansa. Ta irin wannan hanya, da kuma kashin yara da ake zubarwa a juji, amai da gudawa da zazzaɓin taifot suke samun ƙofa.

Sai kuma ƙwari. Ƙuda mace takan saka ƙwai wajen 100 a zubi ɗaya, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa cikakken ƙuda kwana 7 ne zuwa 10. Gwangwani da tsohuwar taya da suka tara ruwan sama gidan sauron da ke yaɗa shawara ne, lambatun da ya toshe yana haifar da sauron da ke hana barci, ruwan da ya kwanta a gefe kuma na sauron zazzaɓin cizon sauro ne. Ɓera ma a bola yake kiwo ya kwana a ɗaki, kuma wani nau'insa ne yake ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau.

Wa Ke da Alhakin Kwashewa?

Dokar tsabta ta girmi Nijeriya mai 'yanci. Tsofaffin Sabon Gari suna tuna duba-gari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da makwarara, in ya ga tsutsar sauro ya rubuta sammaci. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 aka shigar da tsabtar muhalli cikinsa. Daga nan aka gaji al'adar Asabar ɗin ƙarshen wata, inda ake tsayar da zirga-zirga da safe kowa ya share ƙofar gidansa ya yashe lambatu.

A 1988 aka gano cewa wasu 'yan kasuwa sun jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Wannan abin kunya ne ya sa a shekarar aka yi doka mai tsanani a kan shara mai guba, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 2007 hukumar NESREA ta karɓi aikin tabbatar da bin dokokin muhalli. A 2009 aka fitar da ƙa'idojin tsabta da sarrafa shara na ƙasa, a 2011 kuma aka fitar da na hana ƙone-ƙone a fili da na kayan lantarki. A Jihar Kaduna akwai hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, wadda aka kafa a shekarun 1990. Amma Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ke nan mazaunin Samaru ko Dogarawa yana da hurumin tambayar kansilansa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma inda aka ware don zuba shara da ranar da za a kwashe.

Idan aka tattara abin da waɗannan dokoki suke nema daga mai gida, bai wuce abubuwa kaɗan ba, kuma kowanne yana da hujjarsa. Na farko, kowane gida da shago ya tanadi mazubin shara mai murfi. Murfin shi ne katanga tsakanin abinci da ƙuda da ɓera. Na biyu, kada shara ta daɗe a gida. Wanda yake fitar da ita sau biyu a mako ya riga ƙwan ƙuda ƙyanƙyashewa ya girma. Na uku, an hana zubawa a titi da lambatu da rafi da kangon mutane. Na huɗu, an hana cinna mata wuta a cikin unguwa. Na biyar, mai gida ne da alhakin tsabtar ƙofarsa da lambatun da ya bi ta gabanta.

Dokar ƙonawa ita aka fi karyawa, domin mutane da yawa suna ganin wuta tsabta ce. Wutar bola ba ta da zafin da zai cinye roba sarai. Abin da take yi shi ne ta mai da ita hayaƙi mai ƙananan ɓurɓushi da ke shiga can cikin huhu. Idan akwai roba mai sinadarin kulorin, kamar bututun ruwa da rigar wayar lantarki, sai a sami dayokzin, guba mai taruwa a kitsen jiki, wadda take sauka a ƙasa kaji su tsattsaga ta shiga ƙwai. Da hunturu kuwa, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa da asuba ta riƙe hayaƙin daidai tsayin hancin yara masu tafiya makaranta.

A aikace, yawancin gidaje yara suke aikawa bola, ko su biya matasa masu baro da kura su ɗauka. Motar hukuma ko ta ɗan kwangila takan zo ta kwashe babbar bola lokaci-lokaci. Inda gizo yake saƙa shi ne tsakanin ƙofar gida da wurin da aka ware. Mai baron da aka biya, in wurin ya yi nisa, yana iya juyewa a kwalbati na farko da ya samu. Don haka unguwar da ta san mai kwashe mata shara, ta kuma san inda yake kaiwa, ta yi rabin aikin.

'Yan Jari-Bola

Babu motar hukuma da take zuwa ɗaukar ƙarfe ko roba daban a Samaru, amma duk da haka da wuya a ga tsohuwar tukunya ta kwana a bola. Masu wannan aiki su ne 'yan jari-bola da 'yan gwangwan, waɗanda suke zagaya lunguna da buhu ko kura, su saya ko su tsinta, su kai wa dillali ya auna a sikeli. Dillali ya rarrabe: baƙin ƙarfe a loda a manyan motoci zuwa masana'antun narka ƙarfe na kudu, inda yake komawa rodin gini, roba a niƙa a kai masana'antu irin na Kano, ta dawo buta da bokiti da takalmi, jan ƙarfe da alminiyam kuwa su ne masu tsada.

Kimiyya tana bayan wannan ciniki. Narka tsohon alminiyam yana cin kashi 5 ne kacal cikin 100 na wutar da ake bukata wajen fitar da sabo daga ma'adininsa. Maƙerin da yake zuba narkakken gwangwanin lemo a cikin ƙirar yashi ya fito da tukunya, wannan ribar yake ci. Haka mai yin aci-balbal da mazurari daga gwangwani, da mai yanka taya ya yi takalmi, da mai ɗinka guga daga tsohon tib, da mai sayar da man gyaɗa a kwalba. Kasuwar Panteka ta Kaduna a kan irin wannan hikima ta yi suna.

Sana'ar tana da nata haɗari. Yara ƙanana suna tona bola hannu da ƙafa ba kariya, ga ƙusa mai tsatsa da ke jawo cutar sarƙe-haƙora, ga allurar asibiti. Wasu suna ƙona waya don su fitar da jan ƙarfe, su shaƙi hayaƙin. Akwai kuma ɓata-gari da suke fakewa da sana'ar su sace murfin kwalbati da wayar lantarki, abin da, tare da matsalar tsaro, ya sa Jihar Borno ta hana ta a 2023, Abuja ma ta hana yawon tsince-tsince a cikin birni a 2025. Birnin Pune na Indiya ya bi wata hanya: tun 2008 masu tsintar shara suka zama ƙungiyar gama-kai mai rajista, kowa da katin shaida da layin da yake bi, gidaje suna biyansu, suna kuma miƙa musu shara a rarrabe. Wanda aka san sunansa da layinsa ba ya sata a layin.

Manyan Tarkace da Masu Guba

Akwai kayan da ba su shiga kwando: tsohuwar katifa, karyayyar kujera, mataccen firji, baraguzan gini, rassan itacen da aka sare. A Japan mai irin wannan kaya yakan sanar da ofishin gunduma, ya sayi takardar biya ya manna, a ba shi ranar da za a zo ɗauka. A Zariya kasuwa ce take yin yawancin wannan aiki. Kafinta ya karɓi katako, mai gyara ya cire abin da zai yi amfani, ɗan gwangwan ya ɗauki ƙarfe, itace ya tafi murhu. Baraguzan bulo da ƙasa suna da kyau wajen cike ramin hanya, muddin ba a haɗa su da shara ba, ba a kuma tare hanyar ruwa da su ba. Wanda ya yi gini, shi ke da alhakin ɗauko motar da za ta kwashe baraguzansa. Katifa ɗaya kuwa ta isa ta toshe kwalbatin da unguwa guda ta dogara da shi.

Wasu kayan ƙanana ne amma sun fi manyan haɗari. Batirin mota da na sola cike suke da dalma da ruwan batir mai ƙuna. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma. Dogon ƙwan fitila fari yana da zaiba a ciki. Tsofaffin firji suna da iskar da ke cinye rufin ozon na sararin sama, wadda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi. Abin da dalma take yi wa yara ba ɓoyayye ba ne a Arewa: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Ko kaɗan ce ta shiga jinin yaro tana rage masa kaifin fahimta har abada. Don haka ba a fasa batir a tsakar gida, ba a zubar da ruwansa a makwarara, ba a ba yara matattun batura su yi wasa. A mayar wa mai sayarwa ko dillalin da yake tarawa a rufe. Galan ɗin maganin ƙwari na gona kuwa ba ya zama na ruwa ko na mai, komai wankin da aka yi masa.

Rarrabewa Tun Daga Gida

Duk abin da aka faɗa a baya yana komawa ga abu guda: illar shara tana farawa ne daga cakuɗawa. Ɓawon doya shi kaɗai taki ne, gora ita kaɗai kuɗi ce, amma in suka haɗu da batir da ƙunzugun yara a buhu ɗaya, duk sun lalace. Gida yana iya raba shararsa kashi huɗu ba tare da ya sayi komai ba, tsofaffin buhuna da bokiti sun isa: mai ruɓewa, mai sayuwa, mai guba, sai kuma saura. Wannan sauran ne kaɗai ya kamata mai baro ya ɗauka, kuma za a tarar bai taka kara ya karya ba.

Mai ruɓewa a yi taki da shi. A haƙa rami mai zurfin rabin mita a inuwa, nesa da rijiya, ko a yi tsibi in damina ce. A shimfiɗa busasshen ganye ko kara, a bi da ɗanyen ɓawo da ragowar kayan miya, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa ƙasa, a sake maimaitawa. Busassun kaya suna ba da kabon, ɗanyu da kashin dabbobi suna ba da naitirojin, kuma bakteriya sun fi son kabon ya ninka naitirojin wajen sau 30. Toka kaɗan ake sawa, domin in ta yi yawa takan kori naitirojin ya bi iska. A yayyafa ruwa har in an damƙa ya dunƙule amma bai ɗiga ba. A juya duk mako biyu don iska ta shiga. Cikin 'yan kwanaki zafin tsakiyar zai kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, wanda yake kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan wata 2 zuwa 3 za a sami baƙin taki mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Aiki Ga Makarantu

Malamin kimiyya yana iya mai da wannan darasi gwaji. Ɗalibai su tara sharar aji ko ta ɗakin girki ta kwana 7, su sa safar hannu, su rarrabe, su auna kowane kashi da sikeli, su fitar da kasonsa cikin 100, su zana jadawali. Su binne ɓawon ayaba da takarda da tsumman auduga da leda a ramuka huɗu, su tone bayan mako 6 su rubuta abin da suka gani. Su soka ma'aunin zafi a tsibin takin makaranta kowace safiya su ga ranar da zafin ya kai ƙololuwa da abin da juyawa take yi masa. Kafin damina kuma su zana taswirar unguwarsu, su sa alama a kowace bola da kwalbati da rijiya, su bi gangaren ƙasa su gano inda ruwan yake nufa. Irin wannan taswira abu ce da za a iya miƙa wa mai unguwa da kansila, domin tana nuna kwalbatin da ya kamata a fara yashewa kafin watan Mayu.

Hukuma tana da nata nauyi wanda gida ba zai iya ɗauka ba: ware wuri, kawo mota a kan lokaci, da tanadin filin binne shara nesa da ruwa. Gida kuma yana da nasa wanda babu hukumar da za ta iya yi masa, domin abin da aka cakuɗa a tsakar gida ba mai iya raba shi a bola. Hausawa suna cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidan da ya fara da buhu huɗu da rami ɗaya ya rage wa mai baro kaya, ya rage wa lambatu, ya kuma sami takin da zai sa wa masararsa da daminar bana.